Mahaifina Ƙaura Ya Yi, Bai Rasu Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Shirya Bikin Karrama 'Yan Fim na bana,
ta hannun Shugaban gidan talabijin da ya haska bikin.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka barka da gajiyar biki, kai da dukkan 'yan kwamitinka. An taru lafiya an tashi lafiya, Allah ya sanya albarka.

Sunana Falmata Bukar, malamar firamare ce ni a nan Haɗeja. Ba ka san ni ba, amma ka san mahaifina, domin da bakinka ka roƙa masa rahamar kabari a gaban duniya. Shi ne Malam Bukar Mai Jirgi, tsohon nan mai farin gemu da ya fito a masunci a fim ɗin da aka ɗauka a fadamar Baturiya. Ina rubuta wannan wasiƙa yana zaune a kan tabarma ta hannun damana, yana shan kunun tsamiya. Da ransa, ranka ya daɗe.

Ban so maganar ta fito fili ba. Na buga waya, na tura saƙo, na roƙi wanda ya san wanda ya san ku. Da abin a kanmu kaɗai ya tsaya, wallahi da na haƙura, mun mayar da shi abin dariyar gida. To akwai wata tsohuwa a Difa, can ƙasar Nijar, wadda wannan kuskure ya hana ta cin abinci. Saboda ita na ɗauki alƙalami, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga maganar daki-daki.

Na ɗaya: wane ne mutumin da kuka kashe.

Baba ba ɗan fim ba ne, mai fito ne. Kakanmu ya taso daga gaɓar Tafkin Chadi, ya biyo kogi har ya zauna a wani ɗan ƙauye kusa da Baturiya, a nan aka haifi Baba, a nan ya tsufa da gorar tuƙi a hannu. Da 'yan fim suka zo, haya suka ɗauke shi ya riƙa tsallakar da su da kayansu cikin fadama. Sai mai ba da umarni ya ga yadda yake tsayuwa a bayan jirgi, tsuntsayen kirinjijiya na tashi a kansa, ya ce ya tsaya haka kada ya motsa. Daga nan aka sa shi ya yi 'yan maganganu, shi kuwa ya yi irin nasa na yau da kullum. Jama'a suka so shi. Har yau bai gane abin da ya burge su ba, cewa yake shi dai tuƙi ya yi kamar kullum, sai dai ranar an sa shi ya yi ta maimaitawa har rana ta take.

A daminar bara kogi ya cika, ciyawar kacala ta toshe masa hanya, ruwa ya kwana a ɗakunanmu. Gidanmu na ƙasa ne, narkewa ya yi. Baba ya yi ta kwasar mutane da awaki zuwa tudu har ƙarfinsa ya ƙare, bayan 'yan kwanaki kuma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hannun hagu ya mutu, ƙafa tana ja, harshe ya yi nauyi. Ni da ƙanena Mustafa muka ɗauko shi muka dawo da shi wurina a cikin gari. Rabin ƙauyen ma haka suka watse, wasu Haɗeja, wasu Malam Madori, wasu wurin dangi.

Na biyu: abin da muka gani da idonmu.

Tun da aka sanar cewa fim ɗin yana cikin waɗanda za a karrama, unguwarmu ta ɗauki abin kamar nata. Ranar bikin tun bayan la'asar aka fito da talabijin tsakar gida. Maƙwabcinmu ya kawo janareto don kada wuta ta ba mu kunya, mata suka shimfiɗa tabarmi, maza suka yi cirko-cirko a bakin zaure. Na goge wa Baba farar rigarsa, na ɗora masa hula, muka zaunar da shi a gaba. Aka sha kallo, aka sha gardama. Wannan ta cancanta, waccan son kai aka yi, wane ai bai kai ba. Matar maƙwabcinmu ta ce yadin da ke jan ƙasa a bayan wata jaruma ya isa ta yi wa 'ya'yanta duka kayan sallah.

Ana cikin haka aka rage fitilu, aka sa wani kiɗa mai sanyi, mai gabatarwa ya ce yanzu za a tuna da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Hoto na bin hoto, muna ta cewa Allah ya jiƙansu. Sai ga Baba, tsaye a bayan jirginsa, an rubuta Marigayi a gaban sunansa. Mai gabatarwa ya ce Allah ya yi masa rasuwa a lokacin ambaliyar bara.

Ni dai na dubi talabijin, na dubi Baba, na sake duban talabijin. Sai ka hau dandamali, ranka ya daɗe, ka ce kowa ya miƙe a yi wa mamatan addu'a. Da kuka shafa, Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya shafa tare da ku, ya ce amin. Nan wasu suka fashe da dariya, wasu suka fashe da kuka, ni kuwa na haɗa duka biyun.

Bayan haka wani bawan Allah mai babbar riga ya fito ya karɓi lambar girmamawa a madadin iyalan marigayi. Mu iyalan ba mu taɓa ganinsa ba, ko a mafarki. Ya share ido, ya ce yana tare da marigayin har ƙarshen rayuwarsa. Mustafa ya ce to gara ya dawo, don ƙarshen bai zo ba tukuna.

Na uku: inda kuskuren ya samo asali.

Na bi diddigi, har wani daga cikin waɗanda suka yi aikin fim ɗin ya warware mini. Ashe ma'aikacinku ya kira lambar wayar da ke hannunku, ita kuwa ta Ɗanjuma mai shago ce, wanda a wurinsa Baba yake amsa waya a tsohon ƙauyenmu. Ya tambayi Malam Bukar. Ɗanjuma ya ce, Allah sarki, ai Malam Bukar ya yi ƙaura tun ambaliyar bara. Ma'aikacinku ya yi salati. Ɗanjuma ya zaci jajen ambaliya ake yi masa, ya ce sai haƙuri, haka Allah ya so. Ma'aikacinku ya ce Allah ya sa ya huta. Ɗanjuma ya ce amin, ai yanzu kam ya huta da wahalar ruwa, inda yake ya fi nan. Suka yi sallama, kowa ya gamsu.

Ban ga laifin Ɗanjuma ba, Hausarsa daidai take. Ban kuma ce ma'aikacinku bai iya Hausa ba, tasa ma daidai take. A birni in an ce dattijo ya yi ƙaura, lahira ake nufi. A bakin kogi kuwa, inda ruwa ke tashin mutane kusan duk damina, in an ce wane ya yi ƙaura, ana nufin ya naɗe tabarmarsa ya hau tudu. Laifin da nake gani ɗaya ne. Kafin a rubuta Marigayi a gaban sunan mutum a nuna wa duniya, ai a nemi ɗansa ko 'yarsa, ko a tambaya wa ya yi masa salla, a ina aka binne shi. Ko da cewa aka yi, ina ya ƙaura, da Ɗanjuma ya ce Haɗeja, gidan Malama Falmata.

Na huɗu: abin da ya biyo baya a nan gida.

Washegari tun da hantsi masu ta'aziyya suka fara sallama. Tsofaffin abokansa na bakin kogi, 'yan uwa daga Malam Madori da ƙullin shinkafarsu, mutanen da Baba ya taɓa tsallakarwa. Suna shigowa zaure sai su tarar da mamacin a zaune yana jan carbi. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta can ƙauye ta saki ƙwaryar da ke hannunta, ta yi baya tana salati, da ƙyar aka shawo kanta ta taɓa hannunsa. Shi kuwa Baba sai ya karɓi gaisuwar, ya ce a kawo musu ruwa, tunda sun riga sun zo.

A waya ma ba a bar mu a baya ba. Hotonsa ya zaga, kowa yana yabo. Wani ya rubuta cewa da shi aka yi jana'izar, bai taɓa ganin taro irin wannan ba. Baba ya sa na karanta masa su ɗaya bayan ɗaya, da na gama ya ce ashe haka yake da kirki bai sani ba. Limaminmu ya ce mu kwantar da hankali, ai mutane na cewa wanda aka yi wa ƙaryar mutuwa tsawon rai zai yi. Duk wannan mun iya ɗauka, har mun yi dariya a kai.

Na biyar, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa: Gwaggo Yagana.

Gwaggo Yagana yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu kaɗai suka rage. Mahaifiyarsu ta rasu Baba bai isa yaye ba, ita ta goya shi, ita ta tauna masa abinci. Har yau Yaya yake ce mata, in zai ambace ta sai ya sauke murya. Aure ya mayar da ita can wajen dangin kakanmu, yanzu tana Difa a hannun 'yarta Bintu. Ta tsufa ƙwarai, ba ta iya doguwar tafiya. Idonta ya yi yana, ba ta ganin abin da ke cikin waya, amma in an matso da ita gaban talabijin tana gane fuska. Ranar bikin an matso da ita, don ta ga ƙanenta ana karrama shi.

Abin da ba ku sani ba shi ne, tun da harshen Baba ya yi nauyi ya daina yarda a haɗa shi da ita a waya. Ya ce ba ya so Yaya ta ji muryarsa a haka hankalinta ya tashi, a bari sai ya warware. Saƙon gaisuwa kawai yake aikawa. Shekara guda ke nan tana tambaya, ana ce mata yana nan lafiya, yana gaishe ta. Sai ga talabijin ta ce ya rasu tun ambaliyar bara. Ranka ya daɗe, ka sa kanka a matsayinta. Komai ya zauna mata daidai.

Ka san al'adarmu, ba a faɗa wa tsoho mutuwa gaba-gaɗi. A ce jiki ya matsa, a ce ana dai addu'a, a yi ta lallaɓa shi. Gwaggo ta san wannan sarai, don ita kanta ta sha yi wa wasu. Da muka kira muka rantse mata cewa Baba yana raye, sai ta ce Allah ya yi mana albarka, ta san tausayinta muke ji. Muka miƙa wa Baba wayar. Ya yi magana da harshen nan nasa mai nauyi, ta saurara, ta ce wannan ba muryar Bukar ba ce, kada mu sake wahalar da tsohon mutane. Na ga hawaye a idon Baba ranar, abin da ban gani ba ko a ranar da gidanmu ya narke.

Mustafa ya bar kekensa mai ƙafa uku, ya hau mota har Difa. Ya durƙusa a gabanta, ya ce jiya-jiya ya rabu da Baba. Ta shafa kansa, ta ce ya yi kama da marigayi. Ta gaya masa cewa dangi suna yin ƙarya saboda tausayi, ita kuwa talabijin ba ta da dangi, ba ta da wanda za ta tausaya wa. Ta ce ta ga manyan mutane cike da ɗaki sun miƙe tsaye sun yi masa addu'a, waɗannan duk ba za su taru a kan ƙarya ba. Gani ya kori ji, in ji ta.

Likita ya hana a ɗora Baba a mota zuwa ko'ina mai nisa. Ita ma ba ta ɗaukuwa. Tun ranar ba ta cin abin kirki, sai kurɓin kunu, shi ma sai Bintu ta yi da gaske. Ta rame, ta daina fita tsakar gida. Tunda ba ta san ranar rasuwar ba, sai ta fara ƙirga daga ranar bikinku, ta sa an tanadi gero na gumbar sadakar arba'in. Bintu ta ce abin da ya fi ba ta tsoro shi ne yadda Gwaggo ke cewa, in ta sallami Bukar da sadakarsa, ba ta da sauran aiki a duniya. Arba'in ɗin ta kusa, ranka ya daɗe. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba.

Na shida: gyaran da kuka ce kun yi.

Bayan na yi ta naci, an ce mini an gyara. Na duba, na ga 'yan layuka a shafinku na intanet, wai ana neman afuwa bisa kuskuren da aka samu a jerin sunaye. Ko sunan Baba ba a ambata ba. Haba, ranka ya daɗe! An kashe mutum da ganga, a zo a tashe shi da raɗa? Gwaggo ba ta karatu, ba ta da shafi. Abin da ya fi ciwo ma, gidan talabijin yana ta maimaita bikin duk ƙarshen mako, ba a cire komai ba. Duk ranar da za a maimaita sai ta sa a matso da ita gaba, don a nan kaɗai take ganin fuskarsa. Ta kalla, ta shafa addu'a tare da ku, a mayar da ita ɗaki.

Saboda haka, cikin girmamawa, ga abin da nake roƙo:

Na farko, a dakatar da maimaita bikin har sai an cire hoton mahaifina daga cikin mamata.

Na biyu, mai gabatarwar nan da ya sanar da rasuwar, shi ɗin dai, ya fito a wannan tasha, a daidai lokacin da ake maimaita bikin, ya kira sunan Malam Bukar Mai Jirgi, ya ce kuskure aka yi, yana raye a Haɗeja. In da hali kai ma ka tsaya a gefensa, don Gwaggo ta gane rigarka da muryarka. A faɗa a fili, a kuma guji kalmar ƙaura.

Na uku, ku turo mai ɗaukar hoto Haɗeja ya ɗauki Baba a nuna shi yana motsi yana magana. Hanyar Kano zuwa nan ba baƙuwarku ba ce, kun biyo ta lokacin da kuke son fadamarmu. In turowar za ta yi wuya, mu ɗauka da waya mu aiko, amma ta cikin akwatinku za ta gan shi, ba ta hannunmu ba. A sanar da mu ranar, don Bintu ta matso da ita gaba. A yi wannan kafin arba'in, don girman Allah.

Na huɗu, nan gaba kada a sake sa kowa cikin mamata sai an ji daga bakin iyalinsa.

Ba mu neman diyya, ba mu zuwa kotu, ba mu so a kori kowa daga aikinsa. Lambar girmamawar ma ba mu bi sawunta ba. In ta iso, madalla, a dai kankare kalmar farko, wato Marigayi.

Da na karanta wa Baba wannan wasiƙa, ya ce in ƙara abu biyu. Na farko, ya gode da addu'ar da kuka yi masa, kada ku janye ta, ku bar masa ita ajiya, ranarta na nan zuwa. Na biyu, kada ku damu da abin da zai faɗa a gaban na'ura, ba zai ɓata muku lokaci kamar wancan karon ba, ya riga ya shirya.

Gaskiya ya faɗa. Kullum da safe sai ya sa na ɗora masa farar hularsa, a zaunar da shi a bakin zaure yana fuskantar hanya, ko masu hoto za su ɓullo. Yana zaune yana ta juya harshen nan mai nauyi a kan kalmomi kaɗan, yana maimaitawa har su fita sosai, yadda Gwaggo za ta gane muryar. Yara sun haddace, maƙwabta sun haddace. Abin da yake cewa shi ne: Yaya, ni ne Bukar, ki ci abinci.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, ya ɗaukaka sana'arku, ya kare ku daga kuskuren da ba ya gyaruwa. Wannan dai har yanzu yana gyaruwa. Allah ya ba ka ikon gyara shi tun mai jiran gyaran tana da sauran numfashi, amin.

Wassalam.

Taka mai girmamawa,
Falmata Bukar,
Haɗeja, Jihar Jigawa.